Gefen Yaya a Akushi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, gyara zama ka rubuta. Tawa maganar ka sa ta cikin Hausarku ta takarda in ka so, amma ta mamacin ka bar ta yadda ta fito daga bakinsa. Ni ban san baƙi ba, kuma mace ba ta tsayawa a zaure gaban maza ta yi bayani. Shi ya sa na aika a kira ka, don ranar sadakar arba'in ka karanta musu. Idan ka ji na yi shiru, kuka nake yi, ka jira ni.

Wan mijina ne ya rasu, sarkin maƙeran garinmu, nan kusa da Tozai. Yaya nake ce masa tun ranar da aka kawo ni gidan nan, shi kuma Amarya yake ce mini har haƙorana suka zube. Ƙanensa, mijina, ya riga shi tafiya da daɗewa.

An zo gaisuwa ƙwarai. Daga Isa an zo, daga Sabon Birni an zo. Wani tsohon Bafillace da Yaya ke yi wa gatari ya zauna bakin maƙera tun hantsi har la'asar, bai ce komai ba sai "Allah ya ji ƙan mai wuta." Wata tsohuwa ta taho da ƙafa daga Gatawa da laujen da ya ƙera mata tun tana goyo, ta nuna wa mata, ta ce ta binne maza biyu, laujen bai ko karkace ba. Aka yi dariya cikin kuka.

Amma duk macen da ta durƙusa ta ce mini "ya haƙuri," kafin ta tashi sai ta waiga wajen maƙera, ta rage murya, ta ce, "To, yanzu wancan fa?"

Wancan ɗana ne. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa za ni fara yau a takarda ba. Hankalinsa ya taɓu shekaru da yawa. Shekarun nan duka Yaya ne ya tsaya tsakaninsa da mari, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafa da shi, Yaya ne kuma ya tsaya tsakaninsa da birni, inda hukuma ke kai irinsa. Yanzu Yaya yana ƙasa.

An faɗa mini abin da ya faru a wurin sallar gawa. Yaron ya zo ya shiga sahu. Na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, har ya zama kamar an cire haƙora biyu an bar ɗaya a tsaye. Liman ya gani, ya kau da kai ya tada kabbara. Da aka gama rufe kabari, sai yaron ya cire bargon da ba ya rabuwa da shi ko a bazara, ya shimfiɗa bisa ƙasar, ya danne gefe da gefe da duwatsu, ya ce, "Akwai sanyi can." Ba wanda ya iya ɗauke bargon. Yana nan har yau.

Sanyin nan shi ne ciwonsa. Lafiya lau ya tashi. Da aka yaye shi, gidan Yaya aka kai shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, a can ya koyi zuga tun hannunsa bai cika bakin zugazugi ba. Sai shekarar diban gwamna ta zo, lokacin babban yaƙin Turawa, aka bi gari gari ana rubuta samari ana kai su haƙar kuza can kan duwatsu. Sunansa ya fito. Ya tafi da sa'o'insa, ya dawo ba da su duka ba. Ya ce sanyin wurin yana kashe mutum a kwance, da safe a taɓa shi a ji ya bushe. Shi ya haƙa wa abokinsa rami. Da ya dawo sai ya riƙa magana da waɗanda suka mutu, in ya ji usur ko tsawa ya shige ƙarƙashin rumbu yana kyarma. Wata rana ya farfasa tukwanen ruwa na unguwa, ya ce ƙanƙara ce a ciki.

Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi abin da ba za ni faɗa gaban malami ba. Da abin ya ƙi, dattawan unguwa suka zo wa Yaya da ƙarfe, suka ce ya ƙera mari. Yaya ya juya ƙarfen a hannu, ya tofar da tabar da ke bakinsa, ya ce, "Ƙarhe mai kyau. Galma kuka so ko hauya?" Suka ce ya san abin da suka zo nema. Ya ce, "Na sani. Maƙerata ba ta yin wannan." A ƙasarmu kuwa aikin da sarkin maƙera ya ƙi, babu maƙerin da zai karɓa matuƙar yana da rai. Suka tafi suna ƙunƙuni.

Ana cikin haka shela ta zo. Ranar kasuwa sankira ya buga ganga, ya ce uban ƙasa na gaishe mu, ya ce gwamnati ta ce taɓin hankali cuta ce kamar kowace cuta. Daga yau kada a ƙara sa mutum a turu ko a mari cikin gida. Kada a jefe shi, kada a yi masa waƙa, wanda ya yi zai gamu da alƙali. Kuma duk mai irin wannan majinyaci ya kai sunansa wurin mai gari, don likita ya duba shi.

Malam, ban ce shelar ƙarya ce ba. Yara sun rage jifa, don an kai wani uba gaban alƙali saboda ɗansa, labari ya bazu. Amma mutanenmu ba su riƙe farkon maganar ba, ƙarshenta suka riƙe: a kai suna. Mu da aka taɓa rubuta sunayen 'ya'yanmu muka ga abin da ya biyo baya, wa zai kai suna da ƙafarsa? Kowa ya ce dabara ce, za a kwashe su a kai birni, wanda aka kai kuwa ba mu taɓa ganin ya dawo ba.

Akwai matar wani maƙwabcinmu da ta daɗe a turu gindin tsamiyar ƙofar gidansu. Ba daɗi ba ne, amma tana ganin rana. Mata in za su rijiya suna gaishe ta, wata ta jefa mata gyaɗa, ita kuma ta zage su, su yi dariya. Da shela ta zo, mijinta ya ji tsoron ɗan doka ya gan ta, ya ɗauke ta ya sa a rumbun da babu hatsi, ya mayar da murfi. Bazara ce. Ba ta ga damina ba. Aka ce zazzaɓi ne.

Yaya ya dawo daga jana'izarta ya zauna bai hura wuta ba. Ya ce, "Da can ga rana aka ɗaure su, yanzu ga duhu. Abin da shela ta sayo muna ke nan."

A nan muka yi faɗanmu, ni da shi, faɗan da ba mu taɓa yi ba. Labari ya zo cewa malamin asibiti na Isa zai zo da ɗan doka, wani ya kai sunan yaron. Na share ɗakin baya, na ce a sa shi ciki a rufe, a ce ya tafi cin rani. Na tsaya bayan zana, don ba na haɗa ido da wan miji, na ce, "Yaya, in suka tafi da shi, kai ka ba da shi."

Ya ce, "Amarya, ɗaki da rumbu mi ya raba su? Ƙohwa?"

Na ce, "Kai ba ka haife shi ba."

 Sa'an nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce yana saurayi ubansu ya sa shi ya ƙera wa wani mutum mari, ya buga masa da hannunsa, har yana jin daɗi an yaba aikin. Shekaru suka wuce, mutumin ya mutu. Ba a binne Musulmi da ƙarfe, kuma maƙerin da ya buga shi ake kira ya cire. Ya je ya tarar nama ya hau kan ƙarfen ya rufe shi. Sai da ya yanka ƙafar mamaci kafin ya kai ga aikinsa. Ya ce, "Tun ran nan na rantse. Ke kin haihe shi, ni na taɓa cire mari ga gawa. Bar ni da abin da na sani."

 Ban ƙara gaishe shi ba sai bayan kaka, shi ma bai neme ni ba, don Yaya ba ya ba da haƙuri, sai dai ya aiko maka da sabuwar wuƙa.

Ranar da malamin asibiti da ɗan doka suka zo, ina leƙe ta hujin zana. Yaya ya zaunar da yaron a kan zugazugi, a fili, gaban kowa, da bargonsa a kafaɗa. Babban ɗan Yaya, magajinsa, yana riƙe da masaba. Ɗan doka ya tsaya ya ce, "Ina mahaukacin da anka ce?"

Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Mu uku muke nan. Duba ka zaɓa. Ni dai matata ta ce ni ne."

Malamin asibiti ya yi dariya, ya tsuguna kusa da yaron, ya tambaye shi barci, ya tambaye shi abinci. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba. Ya ba da wani ruwan magani a kwalba mai sa barci. Ya ce dokar ba ta ce a kwashe kowa ba, wanda ke da mai tsaya masa ana barinsa gida, sai wanda ba shi da kowa ko aka ji tsoron ɓarnarsa ake kaiwa birni. Ya ce, "Wa ya tsaya masa?"

Yaya ya ajiye awartaki, ya ɗora tafin hannunsa bisa uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan aiki a kansa. Maƙeri ba shi da rantsuwar da ta fi wannan. Ya ce, "Ni. Abin da ya ɓata, ga wuyana."

Mutane sun taru, sai malamin ya miƙe ya yi musu bayani. Ya ce cutar nan ba a ɗaukarta, ba ta bin miyau, ba ta bin numfashi. Domin a nan an yarda cewa wanda ya sa hannu a akushi ɗaya da mai taɓin hankali, iskar za ta bi miya ta shige shi. Yaron tun da ya dawo shi kaɗai yake ci, a wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗaura wa tsumma don kada ta gauraya da sauran.

Yaya ya ce, "Madalla da malam." Ya ɗaga murya ya ce a kawo tuwo. Aka kawo a babban akushinsa. Ya kira yaron, ya ce da baƙi, "Bismillah." Ɗan doka ya ce shi a bakin aiki yake. Malamin asibiti ya dubi akushi, ya dubi hannun yaron, ya ce yana azumi.

Yaya ya ce, "Malam, yau Talata."

Malamin ya ce na ramuwa ne.

"Allah shi karɓa," in ji Yaya. Ya yanki loma ya kai baka, yaron ya yanka ta gefensa. Mutane suna kallo kamar ana wasa da kura. Da baƙin suka hau dawakinsu, Yaya ya suɗe yatsa ya ce, "Doka ta yi magana mai kyau, sai dai doka ba ta cin tuwo da kowa."

Daga ranar nan har ciwon ajalinsa, duk magariba akushi ɗaya suke ci, shi gefen gabas, yaron gefen yamma. Ba a banza ya ci ba. Masu neman 'yarsa ta ƙarshe sun janye, suka ce gidan da iska, sai daga nesa ta samu miji. Manoma da yawa suka mayar da galmarsu wurin wani maƙeri. A masallaci akwai waɗanda suka daina ba shi hannu. Ya ce hannun nasa ma ya huta.

Kada ka rubuta shi waliyyi, malam, zai tashi ya zage mu. Mutum ne mai zafin rai. Yana da rowar taba, yana jifan 'ya'yansa da gawayi in suka ɓata aiki, bai taɓa cewa miyata ta yi daɗi ba sai dai ya ce "an ci." Amma yaron bai taɓa jin tsawarsa ba. In abin ya motsa masa, Yaya ba ya riƙe shi, ba ya tofa masa addu'a a fuska. Sai ya ce, "Taho, wuta za ta mutu." Ya zaunar da shi kusa da garwashi ya ba shi zugazugi, ya bar shi ya yi ta zuga har gumi ya karyo masa, sanyin ya sake shi. Gawayin da suka ƙone a banza don wannan, Allah kaɗai ya sani.

Sau ɗaya abin ya wuce haka. Farkon wata damina aka yi tsawa suna tsakiyar aiki, yaron ya zabura da awartaki mai zafi ya kai wa Yaya a damtse. Fata ta tashi, warin ya iso har cikin gida. Kafin la'asar dattawa sun dawo da ƙarfensu. Yaya yana zaune ana shafa masa man shanu, ya ce, "Bara jakina ya harbe ni ga gwiwa, ban ga wanda ya kawo ƙarhe ba." Da magariba ya ce a kawo akushi. Yaron ya ƙi fitowa daga ƙarƙashin rumbu, sai Yaya ya ɗauki tuwon da hannu ɗaya ya bi shi can, ya zauna cikin kashin kaji suka ci. Da tabon nan aka binne shi.

Ciwonsa bai daɗe ba, ƙirji ne. Ranar da ya ji jiki ya yi nauyi ya sa aka kira ni, na durƙusa bakin ƙofa. Na yi zaton wasiyya zai yi. Ya ce, "Amarya, miyar jiya ta yi daɗi." Shi ke nan abin da ya ce mini.

Idan sarkin maƙera ya mutu, ba a hura wuta a maƙerarsa sai an yi sadakar bakwai, sa'an nan magaji ya hura, kuma abin da uban ya hana ya faɗi tare da shi sai in magajin ya ɗaga. Tun ranar uku na ga ƙarfe jingine a bakin maƙera. Maƙwabcin nan ne ya kawo, mai rumbu. Mai gari kuma ya aiko cewa wanda ya tsaya wa yaron ya mutu, ko a samu wani, ko ya aika da sunansa. Wasu suka ce gara mari a ɗakin baya, ba wanda zai sani. Magajin Yaya bai fito ya tsaya masa ba. Yana da 'ya'ya ƙanana, matarsa tana tsoron yaron, kuma shi ne ya ga damtsen ubansa ranar tsawa. Ban ga laifinsa ba. Ni kuma uwar ɗan fari, ko a nan kunya ta hana ni in je in roƙa.

Ranar da aka hura wuta na koma hujin zanata. Dattawa suna zaune. Magaji ya sa ƙarfen a garwashi. Kafin ya nemi mai zuga, sai ga yaron ya zo, ba bargo, ya zauna wurin zamansa ya kama zugazugi. Ba wanda ya kira shi. Yana zuga, wuta tana tashi, ƙarfen da za a ɗaure shi da shi yana ja. Malam, jira ni.

Magaji ya ciro ƙarfen ya fara duka. Na ga yana lanƙwasa shi, yana zagayowa kamar zai kama ƙafa.  Ya mayar wuta, yaron ya zuga, ya ciro. Sai na ga ya kwantar da shi yana fiƙe cikin lanƙwasar, yana fitar da baki. Ya tsoma a ruwa, ya miƙa wa mai rumbu. Lauje ne.

Ya ce, "Baba, ga ƙarhenka. Iyakar abin da anka koya min ke nan."

Sa'an nan ya ɗora hannu bisa uwar maƙera, ya ce a faɗa wa mai gari cewa shi ya tsaya wa yaron zuwa kaka, bayan kaka a sake magana. Zuwa kaka kawai ya ce. Na gode masa, Allah ya yi masa albarka, ya raya masa zuriya. Amma da magariba ta yi, a cikin gida magajin ya ci tuwonsa.

Tun ranar da Yaya ya kwanta ake kai wa yaron akushin, ya cinye gefen yamma, ya bar gefen gabas a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Haka akushin yake dawowa kullum, kaji ma sai an kai musu nesa, don matan gida ba su yarda a zuba kusa ba. Yana ramewa, ya fara komawa ƙarƙashin rumbu.

Shekaranjiya na ɗauki akushin da kaina na fita da shi maƙera. Ka sani mace ba ta ci da namiji, balle uwa da ɗan fari. Matan gida suka bi ni da ido. Na ajiye, na zauna a kan buzun Yaya, na wanke hannu. Yaron ya dube ni, abin da bai yi ba tun yana goye.

Ya ce, "Inna, nan gefen Baba ne."

Na ce, "Na sani. Ni ya bar wa."

Muka ci. Akushin ya koma ciki ba komai.

To, ku mazan da ke zaune a zaure kuna jin wannan takarda, kun ci tuwon sadakarsa, kun ce mutumin kirki ne. Gwamnati ta yi shelarta ta tafi, Yaya ya yi nasa ya tafi. Ni haƙorana sun ƙare, ban sani ba ko za ni ga gero ya nuna. Akushin nan babba ne, gefen gabas yana ɗaukar hannu fiye da ɗaya, kuma da magariba ake kawo shi.

Allah ya ji ƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka zafin ranka da marin nan guda, ya sa tabon damtsenka ya yi maka shaida. Wutar duniya da ka sha ta isa, Allah ya tsare ka da ta gobe. Bargon yana nan inda yaron ya sa shi, ba mu ɗauke ba.